Wasannin Ces da Na Ci, da Mutanen da Na Kora

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Babura. Allah ya tsare ki a masaukinki da wurin aikinki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa koyarwar da kika fara ta zama alheri gare ki da 'yan matan da aka damƙa a hannunki. Labarin gida mahaifiyarki za ta ba ki a waya, ni ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Abin da ya sa na ɗauka shi ne wani abu da na gani ranar da za ki tafi, wanda har yau ya tsaya mini a ƙirji. Da hantsi ne, an fito da jakunkunanki zaure, muna jiran mai adaidaita. Ƙanwarki Zainab ta ɗauko allon ces, darar nan ta Turawa, da gudu ta ce, "Yaya Ummi, mu buga na bankwana." Kika zauna, waya a hannun hagu, ko allon ba ki kalla sosai ba. Taku huɗu kika kama sarkinta. Sai kika ce, "Ke kam ba za ki taɓa iyawa ba. Sau nawa zan nuna miki tarkon nan? Ni yanzu damuwata ma Babura, an ce in koya wa ɗalibai, to ni da wa zan buga? Duk 'yan koyo ne." Zainab ta yi 'yar dariyar yaƙe, ta kwashe 'ya'yan ta zuba a jaka, ta shige ɗaki. Ban san ko kin lura ba, ba ta fito rakiya ba.

Wallahi Ummi sai da na nemi wuri na zauna. Ba kaifin maganar ne ya kaɗa ni ba. Muryata na ji tana fitowa daga bakinki, har da yadda nake ɗage gira, har da ɗan tsakin nan na ƙarshe. Ni na koya miki wasan, ashe ba wasan kaɗai kika ɗauka a wurina ba. Na so in yi magana a lokacin, na kasa, saboda kunyar kaina da ta rufe ni. Shi ya sa nake rubuto miki abin da ban taɓa faɗa miki da baki ba.

Kin san na koyi ces ne a Roni, lokacin ina saurayin malamin lissafi, a wurin wani ɗan kudu da aka turo bautar ƙasa makarantarmu. Dama hannuna ya faɗa a dara, don haka ban daɗe ba na kama. Da zai koma gida ya bar mini allonsa. Mu muka raɗa wa 'ya'yan sunayen da kika taso kika ji: sarki, sarauniya, waziri mai tafiya a karkace, doki, soro, da dakaru. Daga tafiyarsa na rasa abokin karawa. Duk wanda zai zauna gabana, ni na koya masa.

Ba zan ce miki takaicin da kike ji ƙarya ba ne. Na sha shi fiye da ke. Ka kwana biyu kana saƙa wani tarko a ranka, ka zo ka fara ɗana shi, kafin ka kai rabi abokin wasan ya miƙo maka sarauniyarsa a banza, wasa ya mutu. Ko ya dafe kai ya yi ta tunani har shayinka ya huce, ka ce yau kam zan ga abu, sai ya tura dakare guda inda babu dalili. Ka ci, amma cin ba ya maka daɗi, kamar ka sha kunu babu tsamiya. Ga shi kuma naka hannun yana lalacewa, domin wanda ba a taɓa matsa masa ba ya saba da sakaci. Duk wannan gaskiya ne. Abin da na yi da takaicin shi ne laifina.

Na fara da Baffanki Kabiru. Lokacin bai yi aure ba, ya yi 'yan watanni yana koyo a wurina, yana kuma son abin ƙwarai, har allo ya zana a kwali yana gwadawa shi kaɗai. Wata rana bayan la'asar muna ƙofar gida, majalisa ta cika, ciki har da yayan yarinyar da yake nema. Kabiru ya ce mu buga. Na gaji da cinye shi kullum, sai na ɗauke sarauniyata na jefa a aljihu, na ƙara da soro guda, na ce, "Ko a haka ma ba ka isa ba." Aka yi shewa. Na cinye shi, ina yi ina hira da mutane. Ya tashi yana murmushi, ya ce zai je ya duba awaki. Daga ranar bai ƙara taɓa allo ba. Na ɗauka sha'awar ce ta fita daga ransa, ban ma ƙara tunawa da abin ba.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu. 'Yarsa Bilki ta faɗi lissafi a jarrabawar fita sakandare har sau biyu, ni ban sani ba. A bakin wani na ji cewa Kabiru yana ɗaukarta a babur duk Asabar har Roni, wurin wani malami da ni na koyar da shi. Gidana da nasa katanga ce kawai tsakani! Na same shi raina a ɓace, na ce, "Kabiru, lissafin nan shi na ci abinci da shi duk rayuwata. Me ya hana ka kawo mini ita?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Tsoro na ji kada ka cire mata sarauniya a gaban mutane."

Mutum da furfura a gemunsa, yana ɗauke da yammacin nan guda tun yana saurayi. Sai a lokacin na fara lissafa abubuwan da Kabiru ya yi a rayuwarsa ba tare da ya nemi shawarata ba, na ga kusan duka ne. Ni kuwa ina nan ina cewa ƙanena mai zurfin ciki ne.

Don haka ki ji ni da kyau. Kada ki taɓa mai da ɗan koyo abin kallo. In za ki rage 'ya'yanki don wasa ya daidaita, ki yi shi ku biyu, kuma da yardar wadda kike bugawa da ita. In yarinya ta yi kuskure a gaban 'yan uwanta, ki mayar mata da takun ki ce ta sake dubawa. Wasan da za ki manta kafin magariba, wata za ta girma da shi. Kuma kafin ki kwanta yau ki kira Zainab. Kada ki ce da ita wasa kike yi, domin ta san ba wasa ba ne. Ki ce kin yi kuskure.

Na biyu, kin san Buba, Bafulatanin nan na rugar wajen Gwiwa da yake riƙe mini shanun huɗa. Duk ranar da ya shigo Kazaure yakan biyo ta gida, in ya tarar ana ces sai ya tsaya daga gefe, ya rataya sandarsa a kafaɗa, yana kallo. Ni a zatona launin 'ya'yan ne yake burge shi. Wata rana ina zaune ni kaɗai da allo, ina mitar da na saba, cewa duk faɗin ƙasar nan an rasa mutum guda da zai sa ni gumi, sai ya ce, "Malam, ko zan ɗan taɓa?" Na yi dariya na ce, "Buba, wannan ba kiwo ba ne. Amma zauna." Na ɗana masa tarkon taku huɗun nan da kika yi wa Zainab. Ya toshe shi ko ɗagowa bai yi ba. Na ce sa'a ce. Kafin in farga dokinsa ya shigo tsakanin sarkina da sarauniyata, dole na bar masa ita. Ya cinye ni.

Na ce mu sake. Na gyara zama, na cire hula, na yi iya yina. Ya sake cinye ni. Na uku ma haka, kuma wannan karon a hankali ya yi ta matse ni har na rasa inda zan sa hannu. Na zauna baki buɗe ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa. Na ce, "Kai, wa ya koya maka?" Ya zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ya ce, "Ai a wurinka na ga yadda suke tafiya. Sai na sa aka zuba mini a nan. In shanu suka kwanta da rana, ni da ita muke yi. Tana cinye ni, ina sakewa, yau shekara biyu ke nan."

Kin san abin da mahaifinki ya yi? Na ce kaina ke ciwo tun safe. Na naɗe allo. Zuwansa na gaba da na hango shi daga nesa, na sa aka shigar da allon cikin gida. Na yi wata guda ina wannan ɓuya. Mahaifiyarki ce ta tare ni wata rana ta ce, "Malam, shekara nawa kana damun mu da cewa ba ka da abokin wasa? Ga shi Allah ya kawo maka har ƙofar gida, kana gudu." A nan na gane ba abokin karawa nake nema ba duk shekarun nan. Mitar nake so, domin ita ce take tuna wa mutane cewa na fi su.

To ke ma ki binciki zuciyarki. Da kika ce duk 'yan koyo ne a Babura, kin zauna da su? A cikin 'yan matan nan akwai wadda za ta cinye ki kafin shekara ta zagayo, in dai kin koyar da gaske. Ranar da hakan ta faru, ki miƙa mata hannu a gaban aji, ki ce ta nuna wa kowa yadda ta yi. Kada kanki ya yi ciwo. Kuma wanda kika ga yana tsaye daga gefe yana kallo, mai gadi ne ko mai shara, ki ce ya zauna.

Na ukun shi ne mai nauyin, shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye kafin in iso gare shi. Maganar Baba Iro ce, tela, abokina tun muna firamare. Kin san ya makance kina can makaranta, kin kuma san ina zuwa wurinsa. Abin da ba ki sani ba shi ne rabona a ciki.

Mun fi shekara goma sha biyar muna bugawa da Iro a ƙofar shagonsa, duk Alhamis bayan la'asar. Bai taɓa zama gwani ba, amma mai natsuwa ne, ba ya ba da ɗa a banza. In muka yi goma yakan ci ɗaya, ranar kuwa har tsire yake saya mana. Sai wasansa ya fara lalacewa. Ya ɗauki sarauniya ya ajiye ta daidai kan hanyar wazirina da ke can gefen allo. Mako na gaba ya sake. Soro yana tsaye a lungu zai ci masa doki, shi kuwa hankalinsa yana tsakiya. Duk abin da ke gefe kamar babu shi. Na lura da wannan sarai, har na riƙa ɓoye 'ya'yana a gefe don in gama da shi da wuri. Na fara zuwa da rediyo, ina wasa ina jin labarai. Na fara yi masa tsaki.

Ranar ƙarshe akwai mutum biyu a shagon sun kawo ɗinki. Iro ya sake ajiye sarauniya a bakin waziri, karo na uku a yammacin. Na buga allon har 'ya'yan suka zube, na ce, "Haba Iro! Wai kai makaho ne? Ga abu ƙato a gabanka! Ni na gaji da ɓata lokacina." Ya sunkuya yana lalube a ƙasa yana tsince 'ya'yan. Na karɓa na tafi. Ban koma ba. Muna haɗuwa a masallaci mu gaisa sama-sama, daga baya ma na daina ganinsa, na ce fushi yake yi, zai huce.

Wata bakwai aka yi. Da azumi ya kusa na ɗauki yadin Sallah na nufi shagon, da niyyar in nuna komai ya wuce. Na tarar da wani a kan keken. Ya ce Malam Iro yana gida, ya bar ɗinki. Na ƙarasa gidan na same shi a zaure da rana tsaka, zaune a tabarma. Na yi sallama. Ya amsa da fara'a, "A'a, Sabo ne? Shigo, shigo." Ya miƙo hannu. Ummi, ina tsaye ta damarsa, shi kuwa ya miƙa hannun wajen bango.

Yadin ya faɗi daga hannuna. Na durƙusa na kama hannun, na ce, "Iro, mene ne wannan? Tun yaushe?"

Ya ce, "Ai ya daɗe. Hawan jinin ido ne, in ji likita. Ta gefe yake fara ci. Na fi shekara ina gani kamar mai leƙe ta cikin bututu, kullum bututun yana ƙara tsukewa. Na ɓoye, don in mutane suka ji tela ba ya gani, wa zai kawo masa kaya? Ko a gida ban faɗa ba. Na ce ƙila gajiya ce, zai wuce."

Na ce, "Ni fa? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ranar da ka tambaye ni ko makaho ne ni, na so in ce maka saura kaɗan. To akwai mutane a shagon. Na ce in ka dawo Alhamis zan faɗa maka, ka raka ni asibiti Kano, don ni tsoron zuwa nake ni kaɗai. Sai ba ka dawo ba."

Ya ce lokacin da ƙaninsa ya kai shi asibitin daga baya, likitan ya yi ta faɗa, ya ce irin wannan ciwo ba a dawo da abin da ya ci, amma da an zo da wuri da an tsayar da shi, da ya tsira da sauran ganinsa.

Ban san yadda na iso gida ba ranar. Ki duba fa. Duk garin Kazaure babu wanda yake zama gaban Iro awa biyu kowane mako yana kallon abin da idonsa yake gani da abin da ba ya gani, sai ni. Na san gefe ne matsalarsa. Na sani har ina amfani da shi in ci wasa. Mutumin da shekara goma sha biyar bai taɓa ba da sarauniya a banza ba ya koma bayarwa kullum, ni kuwa ko sau ɗaya ban ce, "Iro, lafiya kuwa?" ba. Abin da na gani kawai shi ne an ɓata mini wasa.

Wannan ita ce shawarar da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. In yarinya tana maimaita kuskure guda, a ces ne ko a lissafi, ki ɗaga kai daga allon ki dube ta. Wata ba ta hango abin da kika rubuta ne. Wata ba ta karya ba ta fito. Wata akwai abin da ta baro a gida da ya fi ƙarfin shekarunta. Ki ja ta gefe ki tambaya, ki kuma jira amsa, don ba a karon farko ake faɗa ba. In kuma ranki ya ɓaci kika yi wa wani magana mai zafi, ki koma washegari. Kada ki ce zai huce.

Yanzu na koma zuwa duk Alhamis, sai dai a zaurensa. Na ɗaura zare a wuyan baƙaƙen 'ya'yan don ya bambance su da hannu. Nakan faɗa masa takuna, shi kuma ya bi allon da yatsu a hankali, gida-gida, kafin ya yi nasa. Wasa guda yakan ɗauke mu mako uku, kuma ya yi mini gargaɗi cewa ranar da ya gane ina sassauta masa, in daina zuwa. Na roƙe shi gafara ba sau ɗaya ba, har ya ce in na ƙara tayar da maganar zai kore ni. Ya ce ƙaddara ce, shi ma da laifinsa da ya ɓoye, ya kuma yafe mini tun ranar da abin ya faru. Na yarda ya yafe. Amma duk Alhamis ni nake kama hannunsa in ɗora a kan allon.

Allah ya tsare mini ke, Ummi, a tafiyarki da zamanki. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya kare mutane daga kaifin harshenki da nawa. Allah ya ba ki haƙuri da waɗanda kika fi sani, ya ba ki ladabi a gaban waɗanda suka fi ki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki gaishe da shugabar makarantarku da abokan aikinki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
Malam Sabo
Kazaure